Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Kan Riƙon Ƴaƴa Bayan Mutuwar Aure

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, ta hannunsa kuma zuwa ga alƙalan fada, da hakimai, da masu unguwanni, da limamai, da shugabannin rundunonin tsaro da ke jihar Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina neman izini in kawo kukana a kan wata magana da ba ta yankewa a ƙofar fada, amma sau da yawa ake yanke rabinta a bar rabi. Maganar ita ce ta yaran da aure ya mutu tsakanin iyayensu. Idan miji da mata suka zo gaban mai unguwa ko gaban alƙali, akan tsaya a tantance ko saki ɗaya ne ko uku, a ƙirga idda, a yi lissafin sadaki idan hul'i ne, a raba kayan ɗaki har zuwa kwano da tabarma. Yaron da ke goye a baya da wanda ke tsaye riƙe da zanen uwarsa kuwa, abin da akan ce a kansu bai cika wuce "ku je ku daidaita" ba. Mutanen da suka kasa daidaitawa a kan zaman ɗaki ɗaya, su ake sallama su je su daidaita a kan ci da sha da karatu da lafiyar yaro har ya girma. Roƙona shi ne kada a ƙara tashi daga zaman raba aure a ƙasar Damagaram sai an rubuta yadda uwa da uba za su ci gaba da riƙon ƴaƴansu tare.

Ban kai wannan kuka wata ƙofa ba sai taka, ranka ya daɗe, domin doka da al'ada duka nan suka ajiye maganar. Har yau Nijar ba ta da kundi guda na dokar iyali. An yi yunƙurin samar da shi a farkon shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011, duka biyun kuma suka tsaya bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun nuna rashin amincewarsu. Ba ni da niyyar tayar da wannan muhawara. Abin da ake aiki da shi tun daga dokar tsarin kotuna ta 1962, har zuwa waɗanda suka maye gurbinta a 2004 da 2018, shi ne a bi al'adar masu shari'a a kan aure da saki da gado, alƙalin gwamnati kuma ya zauna tare da masu ba shi shawara da suka san wannan al'ada. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna ikon yin sulhu tsakanin jama'arsu, ta ce a rubuta sulhun, kuma idan ɓangarorin biyu suka sa hannu, ɗayansu na iya kai takardar kotu a buga mata hatimin da zai sa ta zama abin zartarwa. Hanyar tana nan ke nan, ba a dai saba bin ta da maganar yara ba. Yawancin auren da ke mutuwa a Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam ba ya kaiwa kotu. A zauren mai unguwa ko gaban malamin da ya ɗaura shi ake gama shi, wani ma a bakin ƙofar ɗaki. Waɗannan zauruka kuwa maganar fada suke saurara.

Malamanmu sun fi ni sanin cewa Alƙur'ani bai bar wannan fage babu bayani ba. A aya ta 233 ta Suratul Baƙara, bayan an ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa, an hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, an hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa, sannan aka ce ko yaye za a yi kafin cikar shekara biyu, sai da yardar juna da shawara a tsakaninsu. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, wadda ke magana a kan matan da aka saka, umarni ya zo ƙarara cewa a yi shawara a tsakani da alheri, aya ta 7 kuma ta ce mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Idan har ranar cire yaro daga nono tana buƙatar tsohon miji da tsohuwar mata su yi shawara, ina ga ranar sa shi makaranta, da ranar kai shi wani gari, da ranar ba da ƴarsu aure? Mutumin da ke alfahari cewa tun da ya saki mace bai ƙara yi mata magana ba, alhali akwai ƴaƴa a tsakani, akwai umarnin da ya bari bai cika ba, kuma ya kamata ya ji hakan daga bakin limaminsa ranar Juma'a.

A ƙasar nan mazhabar Malikiyya muke bi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi na birnin nan, ta faɗi hukuncin a fili: bayan saki, reno na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, sai renon ya koma ga kaka, sannan ga ƴar'uwar uwa. Muhtasar na Shehu Halilu ya ƙara da cewa mai reno ita ke karɓar abin ciyar da yaro a hannunta, uba kuma yana da haƙƙin ya riƙa duba ɗansa, ya ladabtar da shi, ya aika shi makaranta. Tun ƙarnoni da suka wuce malamai sun raba aikin tsakanin gida biyu ba tare da sun fitar da kowa daga cikinsa ba. Abin da ya zama jiki a wurinmu daban ne. Da yaro ya cika shekara bakwai, wani lokaci ma da zarar an yaye shi, sai a aiko ƙanen uba ko gwaggo da saƙon cewa an zo karɓar ɗa, kamar wata ajiya da aka bari. Ba a tambaya ko yana makaranta a unguwar uwarsa, ba a tambaya wa zai kula da shi a gidan da za a kai shi, kuma sau da yawa uban da ya dage sai an ba shi ɗansa ba shi ke riƙe shi ba: matarsa yake miƙa wa, ko tsohuwarsa a ƙauye, ko wani malamin allo da zai tafi da shi Kano. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo cewa Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya da ta haifa masa Asim, wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, sai ya ɗauke shi ya aza bisa dabbarsa. Kakar yaron ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Sayyidina Abubakar, wanda ya umarci Umar da ya bar mata yaron, Umar kuwa bai mayar da magana ba. Ba cewa nake yi kowane yaro ya fi samun kulawa a hannun uwarsa ba, domin akwai inda gidan uba ya fi masa alheri, kuma fiƙihu ma ya sa wa mai reno sharuɗɗa. Amma shekara bakwai al'ada ce, kuma bai dace a bi ta ido rufe a wurin da littafin da muke karantawa ya faɗi wani abu daban ba.

Laifin ba na maza kaɗai ba ne, ko da yake nasu ya fi nauyi domin hatsi da kuɗi a hannunsu suke. Akwai uban da zai ce ba zai ba ta kuɗinsa ta ci da wani miji ba, sai ya hana gaba ɗaya, yaro ya kwana da yunwa saboda fushin da ba shi ya jawo ba. Akwai kuma uwar da za ta rufe ƙofa idan uba ya zo, ta mayar da kayan Sallar da ya aiko, ta riƙa gaya wa yaro safe da yamma cewa ubansa ya yar da shi. Idan ta yi wani aure, yaron ya zama agola a gidan da ba a ƙirga shi cikin masu rabo. Idan zawarci ya yi tsawo kuma babu abin da ke shigowa, yarinya ce ke ɗaukar tiren talla zuwa Kasuwar Dole maimakon ɗaukar allo. Mu da muka yi aikin koyarwa mun san alamun tun kafin a gaya mana. Yaro yana gida ɗaya, takardar haihuwarsa tana wani gidan an kulle ta a akwati ana jan rai da ita, har lokacin rubuta sunayen masu jarrabawa ya wuce. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, amma daga nan zuwa sama, idan zazzaɓin damina ya kama yaro, sai a tsaya ana aike tsakanin gida biyu a kan wa zai sayi magani.

Takardar da nake roƙon a riƙa rubutawa ba ta buƙatar ta wuce shafi ɗaya, da Hausa, boko ko ajami, da fassarar Faransanci saboda kotu. Ta faɗi inda yaro zai riƙa kwana, da abin da uba zai bayar kowane wata, jika nawa ko tiya nawa ta hatsi, da ranar da zai bayar, da hannun da zai karɓa. Ta faɗi wanda ke ɗaukar kuɗin makaranta da na asibiti da ɗinkin Sallah, da ranakun da yaro zai je ɗaya gidan, ko Juma'a ce, ko dogon hutu, ko Sallah ƙarama a nan Sallar layya a can. Kowane gida ya riƙe kwafin takardar haihuwa da katin riga-kafi. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne a ambaci mutum biyu masu mutunci, ɗaya daga dangin uwa ɗaya daga dangin uba, waɗanda za a riƙa bi ta kansu idan iyayen ba su iya haɗa ido ba tukuna, domin a watannin farko zuciya ba ta huce ba, kuma a nan ake yin ɓarnar da ke ɗaukar shekaru ba ta gyaru ba. A kuma yarda tun farko cewa za a sake zama a duba takardar idan ɗayansu ya yi aure ko ya bar gari.

Ranka ya daɗe, akwai wasu iyaye da wannan magana ta fi tsananta a kansu, su ne masu kaki: sojoji, da jandarma, da gardi, da ƴan sanda. Damagaram garin bariki ce tun zamanin da take babban birnin ƙasa kafin a mayar da mulki Yamai a 1926, kuma a nan ne hedikwatar shiyyar tsaro ta 3 take. Tun da Boko Haram ta kai hari Difa da Boso a watan Fabrairun 2015, aikin soja a ƙasar nan ya zama na tafiya da daɗewa. Wanda yau yake Damagaram, gobe yana iya kasancewa a bakin tafkin Cadi, ko a Dirku, ko a yankin Tilaberi da ke can yamma da Yamai, inda daga nan sai an yi tafiyar fiye da kilomita 900. Yana iya shafe watanni a wurin da waya ba ta shiga. Irin wannan rayuwa tana girgiza aure mai ƙarfi ma, balle wanda dama yake tangal-tangal. Idan auren ya mutu, matar takan bar gidan bariki ta koma wurin iyayenta, wataƙila a Mirriya ko Magarya ko Gure, kuma daga ranar ta rasa hanyar da take bi ta ji labarinsa. Ba ta san inda aka tura shi ba, ba ta da ikon tambaya a ƙofar bariki domin ita yanzu ba matar soja ba ce. Ƴaƴanta kuwa har gobe ƴaƴan soja ne.

Shi ma sojan ana zaluntarsa ta inda ba a cika gani ba. Ba shi ke zaɓar ranar hutunsa ba. Idan an rubuta cewa zai ga yaro kowace Juma'a, ba zai iya cikawa ba, sai a ce ya guje wa ɗansa. Ya dawo bayan dogon aiki da ƴan kwanaki kaɗan a hannu, a ce masa yau ba ranarsa ba ce. Ya dace takardar mai kaki ta zo daidai da aikinsa: idan ya samu hutu, kwanakin da ya rasa a rama masa gwargwadon abin da ba zai taɓa karatun yaro ba, idan yana nesa kuma waya na shiga, a sa lokacin da zai kira a ba yaro wayar ba tare da an tsaya a kansa ba, idan ba ya nan, kakan yaro ko baffansa ya tsaya a madadinsa wajen zumunci, don kada dangin uba su zama baƙi. Wanda ya dawo daga fagen daga yana firgita cikin barci ko yana saurin hasala yana buƙatar likita da mai ba shi shawara, kuma hana shi ganin ɗansa gaba ɗaya ba magani ba ne. A bar shi ya gan shi a gaban wani babba har ya samu sauƙi. Haka nan yanzu akwai mata cikin kaki, kuma duk abin da na faɗa ya shafe su idan su aka tura.

Ga shugabannin rundunoni ina da roƙo na musamman. Mai kaki yana da abin da manomi da ɗan cin rani ba su da shi, wato albashin da ke zuwa kowane wata ta hanyar da hukuma ta sani. Dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da wasu ƙasashen Afirka suka amince da su, waɗanda Nijar ke aiki da su, sun tanadi hanyar cire kuɗin ciyarwa kai tsaye daga albashi idan akwai takardar da kotu ta ba ƙarfin zartarwa. Idan fada ta rubuta sulhu, alƙali ya buga hatimi, mai biyan albashi ya cire abin da aka amince ya tura wa mai reno, to ko sojan yana tsakiyar hamadar Tenere abincin ɗansa ba zai yanke ba, uwar yaro ba za ta zo ƙofar bariki tana jiran wanda zai ji tausayinta ba, shi ma ba za a kai ƙararsa gaban kwamandansa a tozarta shi ba. Na tabbata da yawa daga cikinsu za su sa hannu da yardar kansu idan aka nuna musu hanyar. Kuɗin iyali da ake haɗa wa ma'aikaci a albashinsa saboda yara ya kamata ya bi yaron zuwa gidan da yake kwana. Sannan a ware jami'i ɗaya a kowane bariki, tare da limamin bariki, wanda uwar ɗan soja za ta iya samu kai tsaye idan yaro ya kwanta rashin lafiya, ko da igiyar aure ta tsinke.

Akwai mas'ala ɗaya da nake roƙon malaman fada su zauna a kanta su fitar da matsaya. A fiƙihun Malikiyya, idan uba zai ƙaura zuwa wuri mai nisan baridi shida ko fiye, wato sama da kilomita 100, yana iya tafiya da ɗansa, amma da sharaɗin tafiyar ta zama ta komawa da zama ce ba ta fatauci ba, kuma hanya da wurin da za a je su kasance cikin aminci. Wasu na fakewa da wannan hukunci su ɗauke yaro duk lokacin da aka canza musu wurin aiki. A ganina, sojan da aka tura wani gari yau, ana iya ɗaga shi baɗi, bai yi ƙaurar zama ba, kuma garin da ake tura soja saboda rashin tsaro da wuya a ce ya cika sharaɗin aminci. Yaron da aka bi da shi makaranta uku cikin shekara huɗu shi ke biyan kuɗin wannan fassara. Ni ba mufti ba ne, amma idan masu ilimi suka faɗi matsayarsu a fili, masu unguwanni za su samu abin dogara.

Sai maganar da ba a son ambata amma tilas ne. A hare-haren da aka kai wa sansanonin soja a yankin Tilaberi, sojoji 71 suka kwanta dama a Inates cikin Disamban 2019, a Cinagodar kuma 89 cikin Janairun 2020, Allah ya jiƙansu da sauran waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a bakin aiki. Idan irin wannan labari ya zo, gidan da aka sani ake zuwa ta'aziyya, can ake lissafin magada. Ƴaƴan da ke hannun tsohuwar mata a wani gari suna iya zama na ƙarshe da za su ji, wani lokaci sai bayan an gama tattara takardun haƙƙin mamaci ba da sunansu ba. Shari'a ba ta rage wa ɗa gado don an saki uwarsa ba. Ya kamata kowane mai kaki, kafin a tura shi bakin daga, ya sabunta jerin sunayen ƴaƴansa duka da inda kowannensu yake da wanda ke riƙe da shi, kuma mai sanar da rasuwa ya isa kowane gida da ke cikin jerin.

Ina kuma roƙon kada a riƙa yanke maganar yaro a bayan idon uwarsa. A zauruka da yawa waliyyinta ke magana, ita tana can gefe ba a jin muryarta, alhali ita ta san ko yaron yana da ciwon sikila, ita ta san ajin da yake. A bar ta ta yi magana da bakinta, kuma a samu dattijuwa mai hankali a wurin. Matar uba da mijin uwa su ma a kira su a karanta musu takardar, tun da a hannunsu yaron zai wuni, kuma wanda aka girmama da shawara ya fi riƙe amana a kan wanda aka ɗora wa kaya bai sani ba.

Abin da nake fata daga gare ka, Allah ya taimake ka, shi ne ka kira zama ɗaya a fada wanda zai haɗa alƙalan fada, da shugaban kotun Damagaram, da malamai daga kowane ɓangare, da wakilan rundunonin tsaro, da wakilan ƙungiyoyin mata, su amince da samfurin takarda guda. A buga ta a raba wa masu unguwannin birni su fara aiki da ita, a karanta ta a gidajen rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci, bayan shekara ɗaya kuma a sake zama a ji abin da masu unguwanni suka gani kafin a aika ta Tanut da Kance da Dungas da sauran gundumomi.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Damagaram.